Wace Ce Mahaifiyar Tutankhamun?

A yau mutum kan tofa miyau a 'yar kwalba, ya aika Amurka, a gaya masa asalinsa. To, bari mu leƙa Wustul Balad, tsakiyar Alƙahira. A gidan kayan tarihi na dandalin Tahrir ne masana, bisa jagorancin Zahi Hawass, suka gwada ƙwayoyin gado na gawarwakin Fir'aunoni. A 2010 suka bayyana cewa kakannin Tutankhamun su ne Amenhotep na 3 da Tiye, iyayensa kuwa shaƙiƙan juna ne. Wasu masanan sun yi tababa, domin zafin Masar yana lalata ƙwayoyin. Gawar mahaifiyar dai ga ta, amma gwajin bai faɗi sunanta ba. Har yau da lambar kabarin da aka same ta, KV35, ake ambatonta.