Jawabi a kan Bardaƙush, Ganyen Ƙamshi, da Amfaninsa ga Lafiya

Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, babu mai fushi da ita. Yawancin lafiyar gida kuwa daga tukunya take fitowa, haka nan waɗansu cututtuka ta nan suke samun ƙofa. Sabo da haka jawabin yau ya shafi uwargida mai girki da maigida mai cefane baki ɗaya. Magana ce a kan wani ganyen ƙamshi wanda mutanen Masar suke kira bardaƙush, Turawan Ingila kuwa suna ce masa marjoram. Za a bayyana asalinsa, da yadda ake girki da shi, da abin da yake iya yi wa jiki, da kuma iyakar ƙarfinsa.

ASALINSA DA TARIHINSA

Bardaƙush ba tsiron ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa tsibirin Ƙubrus ne da kudancin Turkiyya, daga can ya bazu cikin ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Amma yana da dangi waɗanda kowace uwargida ta sani, gama masana tsire-tsire sun sa shi zuriya ɗaya da ɗoɗɗoya da na'ana'a da tayim ɗin da ake zuba wa dafa-duka. Tsawonsa ƙafa ɗaya ne zuwa biyu. Ganyensa ƙanana ne masu taushi, kore mai ratsin toka, shi ya sa mutanen Farisa suka sa masa suna marzanjush, watau kunnen ɓera. Yana da wani ɗan'uwa na kusa da ake kira origano, kuma sau da yawa akan rikita su a kanti. Bambancinsu a baki yake: origano yana da kaifi da ɗan yaji, bardaƙush kuwa ƙamshinsa sanyi gare shi, da ɗan zaƙi-zaƙi.

Mutanen dā sun san shi ƙwarai. Yunanawa da Rumawa sukan yi wa ango da amarya kambi da rassansa, alamar farin ciki. Likitocin Musulmi kamar Ibn Sina sun ambace shi cikin littattafansu. Malam Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 1350, ya kawo shi cikin babin magunguna na littafinsa Zadul Ma'ad, ya lissafa amfaninsa ga mura da ciwon kai, sa'an nan ya bayyana cewa akwai hadisin da ake ruwaitowa a kansa amma shi bai san ingancinsa ba. Wannan hali na malamin abin koyi ne ga duk mai maganar magani. A shekarar 1753 ne Liniyas, masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, ya rubuta shi da sunan da masana suke amfani da shi har yau, watau Origanum majorana.

Masar tana cikin manyan ƙasashen da suke noma shi suna sayarwa waje. Ana shuka shi a Fayyum da Bani Suwaif da Minya, a yanke, a shanya, a ɗura a buhuna zuwa Turai da sauran wurare.

YADDA AKE GIRKI DA SHI

Kowace ƙasa da irin nata hannu. A Masar an fi dafa shi kamar shayi. A kudancin Lubnan yana cikin kayan ƙamshin da ake cuɗa niƙaƙƙen nama da alkama da su. Mutanen Liguriya a Italiya suna haɗa shi da ƙwai da cuku da ganye. A Jamus da Folan kuwa shi ne abokin miyar dankali da miyar wake, kuma mahautan Jamus sun shahara da sa shi cikin niƙaƙƙen naman da suke cusawa a hanji. In an duba duk waɗannan za a ga abu ɗaya: yana jituwa da nama da kaza da ƙwai da wake da dankali da tumatir.

Ƙamshinsa yana cikin wani mai ne da ke ƙunshe a ganyen, man kuwa yana tashi da tururi. Don haka akwai ƙa'idodi uku. Na fari, ba a sa shi tun farkon girki. Busasshe a zuba shi saura minti goma a sauke, ɗanye kuwa sai an kusa kwashewa. Na biyu, a murtsuke busasshen a tafin hannu kafin a zuba, domin man ya fito. Na uku, busasshe ya fi ɗanye ƙarfi, cokali ɗaya nasa yana tsayawa a madadin cokali uku na ɗanye. In ya yi yawa yakan ba da ɗaci.

Ga misali mai sauƙi da uwargida za ta gwada. Ta dafa wake gwangwani biyu har ya yi laushi. Ta soya albasa ɗaya da tafarnuwa da tumatir huɗu da attaruhu a ɗan man gyaɗa, ta juye cikin waken. Ta sa rabin gishirin da ta saba sawa. Saura minti goma ta murtsuke bardaƙush cokalin shayi ɗaya ta zuba, ta rufe tukunya. In ta sauke ta matsa rabin lemun tsami. Haka za ta yi wa farfesun kaza, ko wainar ƙwai, ko faten dankali.

Wajen ajiya, a shanya shi a inuwa, kada a rana, a zuba a kwalba mai murfi, a nisanta shi da murhu. Bayan shekara guda ƙamshinsa yakan ragu. Wanda aka murza a hannu ba a ji kome ba, ya zama ciyawa, a zubar.

ABINCIN JIKI DA KE CIKINSA

Nan ne ya kamata a kasa kunne sosai. Bisa ga awon Ma'aikatar Gona ta Amurka, giram 100 na busasshen bardaƙush yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini miligiram 83, da kalsiyam mai gina ƙashi miligiram 1,990, da bitamin K mai yawa. Wanda ya ji wannan lissafi zai ce lalle an sami maganin ƙarancin jini. Masu talla ma da shi suke jawo hankalin mutane.

To, amma wa ke cin giram 100? Cokalin shayi ɗaya na busasshen ganyen nauyinsa bai wuce giram 0.6 ba. Watau giram 100 ya fi cokali 160. Cikin cokali ɗaya akwai ƙarfe rabin miligiram kacal, da kalsiyam miligiram 12. Macen da take haila kuwa tana bukatar ƙarfe wajen miligiram 18 kowace rana, baligi kuma yana bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,000. In da bardaƙush kaɗai mace za ta dogara, sai ta haɗiye cokali 36 kullum. Cokali ɗayan nan ma da aka zuba a tukunya, mutum biyar ko shida ne za su raba shi.

Sabo da haka mai neman jini ya nemi hanta da nama da wake da zogale da alayyafo, ya haɗa da tumatir ko lemun tsami, gama bitamin C da ke cikinsu yana taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Mai neman ƙarfin ƙashi ya nemi nono da miyar kuka da ƙananan kifi waɗanda ake ci har ƙashi. Bardaƙush ɗan rakiya ne a wannan tafiya.

BABBAN AMFANINSA

To, ina amfaninsa ke nan? Babban amfaninsa shi ne yana taimakon uwargida ta rage gishiri ba tare da abinci ya yi lami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da sauran abincin saye. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa abin da mutanen duniya suke ci ya ninka wannan sau biyu har da ɗoriya. Abin da ke cutarwa a gishiri sunansa sodiyam. In ya yi yawa yakan jawo hawan jini, hawan jini kuwa shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma lalata zuciya da ƙoda. Mugun halinsa shi ne yakan shekara da shekaru a jikin mutum bai sani ba.

A lura kuma, ba gishirin kwano kaɗai ake nufi ba. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefa wa miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana da sodiyam. Tukunyar da ta sha gishiri da dunƙule uku da kanwa ta ɗauki kaya.

An gwada wannan dabara ta kayan ƙamshi a Amurka, aka buga sakamakon a shekarar 2015. An raba mutum 40 kashi biyu. Aka koya wa kashi ɗaya girki da ganyayen ƙamshi da kayan yaji iri iri, ɗaya kashin aka bar su su rage gishiri da dabararsu. Bayan mako 20 waɗanda aka koya wa sun kasa sauran cin sodiyam da kusan giram ɗaya a yini, watau kimanin rabin cokalin gishiri. Wannan gwaji bai keɓanta da bardaƙush ba. Ma'anarsa kuwa ita ce, wadda ba ta same shi a kasuwarsu ba ba ta yi hasara ba: ɗoɗɗoya da citta da tafarnuwa da kimba da masoro da daddawa za su yi mata wannan aiki.

Kada a yanke gishiri rana ɗaya, don kada mutanen gida su ƙi abinci. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya zama mai aidin, domin tsare iyali daga maƙoƙo.

SHAN SA DON MAGANI

A shekarar 2016 Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta duba bardaƙush, ta yarda baligi ya sha shayinsa don kumburin ciki da iska da ɗan murɗa mara tsanani. Dalilinta shi ne daɗewar da mutane suka yi suna amfani da shi haka, gama gwajin asibiti a kansa bai wadata ba. Ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa. Wannan hani ya shafi shan sa da yawa a matsayin magani ne. Ɗan abin da ake barbaɗa wa miya daban ne.

Akan kuma ji ana cewa yana gyara haila yana kawo haihuwa. Tushen maganar wani ɗan gwaji ne da aka yi a ƙasar Jodan, aka buga shi a shekarar 2016. Mata 25 ne masu wata cuta wadda ke fid da ƙananan ƙulle-ƙulle a ma'ajiyar ƙwai, ta rikita haila. Waɗansu sun sha shayin bardaƙush sau biyu a yini har wata ɗaya, aka ga ɗan sauyi mai kyau a awon jininsu. Masu gwajin da kansu sun ɗauke shi matakin farko ne, kuma bai nuna an ɗauki ciki sabo da shi ba. Macen da ke neman haihuwa, in ta zauna tana shan ganye shekara da shekaru ba ta ga likita ba, lokaci take ɓatawa, lokacin kuwa ba ya dawowa.

Har wa yau, man bardaƙush da ake sayarwa a ƙananan kwalabe yana da ƙarfi ainun, ba a shan sa, kuma a ɓoye shi daga yara. Mai shan maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na tsinka jini, kada ya ajiye maganinsa don ganye, kuma ya shawarci likita kafin ya mai da shayin nan abin sha na kullum. Ciwon ciki da ya wuce mako biyu, ko ya zo da zazzaɓi ko jini ko rama, na asibiti ne.

ABUBUWAN TUNAWA

1. A sa bardaƙush a ƙarshen girki, kaɗan ya isa.
2. A ƙara ƙamshi, a rage gishiri da dunƙule da kanwa.
3. Jini da ƙashi daga abinci sosai suke samuwa, cokalin ganye bai isa ba.
4. Kowane baligi ya je a auna masa hawan jini, ko da yana jin lafiya lau.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba jama'a lafiya da abin sawa a tukunya, amin.