Kalmar "Settle" Da Fuskokinta Biyar

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Apo

 

Yau kalma ɗaya tak ta Turanci na kawo mana, wato "settle". Kullum muna jin ta a kasuwa da gareji da ofis, amma kowa da abin da yake nufi da ita.

Ma'ana ta farko ita ce zama a wuri, a kafa gida. Daga nan aka sami sunan Apo Resettlement, unguwar da gwamnati ta keɓe don sake tsugunar da mutanen ƙauyuka irin su Garki, waɗanda birni ya cinye bayan dokar 1976 da ta kafa Abuja. Daga nan ne kuma ake kiran mu "settlers", wato baƙi mazauna. To, mu dai mu riƙe Gbagyi da mutunci, domin su muka tarar.

Ta biyu, sulhu. In an ce ku je ku yi "settle", ana nufin ku sasanta, ba sai an kai gaban alƙali ba.

Ta uku, biyan bashi. A nan fa a buɗe kunne. In aka miƙo maka takarda mai ɗauke da "full and final settlement", nufinta abin da ka karɓa shi ke nan, ka yafe saura. Kana bin mutum naira dubu ɗari, ya ba ka dubu sittin ka sa hannu, to dubu arba'in ta tafi. Kada ka dangwala sai wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Ta huɗu, sallamar yaro. 'Yan uwanmu Ibo masu sayar da kayan mota a nan Apo, in yaro ya gama shekarunsa na hidima, sai maigida ya ba shi jari ya kama nasa shagon. Iyaye, in za ku ba da ɗa koyon sana'a, a rubuta shekara nawa da abin da za a sallame shi da shi, a gaban shaidu.

Ta biyar kuwa toshiyar baki ce, wadda ta yi ƙaurin suna zamanin mulkin Janar Babangida, 1985 zuwa 1993. Wanda ya ce "settle me" kafin ya yi aikin da ake biyan sa albashi a kansa, cin hanci yake nema, ko da ya kira shi na goro.

Saboda haka jama'a, duk wanda ya ambaci kalmar nan, ku tambaye shi wacce yake nufi, kafin hannu ya kai aljihu ko ya kai takarda. Tambaya ba ta ɓata mutum.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.