Dalilin da ya sa zagi guda yake rinjayar yabo goma



To, 'yan'uwa matasa, zancen yau zancen zuciya ne. Matashi a nan Likoro zai wuni a fadama, mutum goma su ce masa sannu da aiki, mutum ɗaya ya ce masa rago. Idan dare ya yi ya kwanta, maganar wa zai yi ta juyawa? Ta ɗayan nan.

Wannan ba raunin imani ba ne, haka ɗan Adam yake. A 2001 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Rozin da Edward Royzman, sun tattara binciken da ya nuna mummunan abu ya fi kyakkyawa nauyi a ƙwaƙwalwa. Da wuri yake somawa: jariri ɗan wata 7 ya fi daɗewa yana kallon fuska mai nuna tsoro a kan mai murmushi. Yana da amfaninsa kuwa, don wanda ya ji motsi cikin rake ya yi tsalle, ko da ɓera ne, bai yi asara ba.

Illar tana zuwa ne idan yaro ya taso cikin tsawa da bulala, kullum ana ce masa ba zai yi albarka ba. Babba ya faɗa ya manta, yaron ya adana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin a wuce shekara 14. Saboda haka wa ya iya bakinsa a kan ƙanensa.

A tuna 2016, da tsutsa ta cinye tumatir a yankin nan, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wani manomin, da ya sake shuka ya samu, shi ke nan ta wuce. Wani kuwa ko kaka uku masu kyau ya gani, tsutsar ce a idonsa, ya kasa barci, ya ƙaurace wa majalisa, abinci ya fita daga ransa.

Idan wannan hali ya kai mako 2, ko aka ji ɗan'uwa yana cewa gara mutuwa, to ciwo ne mai magani. Kada a yi masa gori, kada a bar abokai su miƙa masa tiramadol. A zauna a saurare shi, a yi masa addu'a, sannan a raka shi wajen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna.