Fyaɗe: Awa 72 na Farko da Nauyin da ke Kanmu



Batun da za mu taɓo yana da nauyi a baki, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, abin da muka saba shi ne a yi mata wanka, a wanke tufafinta, a kira dattawa su sasanta domin rufin asiri. Da haka muke wanke shaidar da kotu ke buƙata, mu kuma bar yarinyar cikin haɗari.

Asibiti ne zangon farko. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa ba ya wuce kwana 5. Kada a yi wanka kafin likita ya duba. Tufafin a naɗe su cikin takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Likita zai rubuta raunukan da ya gani, ya ɗebi abin gwaji, kuma rahotonsa babbar hujja ce gaban alƙali. Ko an riga an yi wankan, a je, domin akwai sauran magani. Cibiyoyi irin su Salama a Kaduna, Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato an kafa su ne domin wannan aiki.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai da kuma diyya, ta kuma amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe. A 2020 Jihar Kaduna ta sanya hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14.

Saura namu aikin. Muna roƙon wannan ƙungiya ta ware kuɗin mota da na magani, ta zaɓi mata dattijai masu riƙe sirri da za su raka iyali asibiti, ofishin 'yan sanda da kotu. Mu daina nuna yarinyar da baki, mu bar ta ta koma makaranta. Abin kunyar na wanda ya aikata ne.

Allah Ya tsare mana zuri'a.