Sabar Ɗaya, Rezo Biyu: Raba Hanyoyin Sadarwa a Ofisoshin Agadez



Duk asibiti, makaranta ko ofishin ƙungiya a Agadez da ya koma ajiye bayanai a kwamfuta, rezo biyu yake buƙata. Akwai na cikin gida, inda takardun marasa lafiya da lissafin albashi suke. Akwai na waje, mai shigowa ta Niger Télécom, Airtel, Moov, Zamani ko Starlink. Da so samu ne, kowanne da sabarsa. Amma kuɗi ba su kai ba, kuma a garin da ake yawan ɗauke wuta da bazara, kowace na'ura ƙarin nauyi ce a kan batir da sola. Sai a sa wa sabar ɗaya katin rezo biyu, a ce an raba.

Ba a raba ba tukuna. Irin wannan sabar zaure ce: ƙofa ɗaya a titi, ɗaya a tsakar gida.

A fara da lambobi. Ƙa'idar RFC 1918 ta 1996 ta ware jerin da ake amfani da shi a cikin gida, don haka a ba kati ɗaya 10.10.0.0/24, ɗayan 192.168.1.0/24, kada su yi karo. Ƙofar fita intanet kuwa a rubuta ta a katin waje kaɗai. Idan aka sa wa duka biyun, saƙo kan fita ta inda ba a nufa ba, ma'aikaci ya wuni yana zargin kamfanin waya.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne miƙa saƙo daga wannan kati zuwa wancan. A Linux, net.ipv4.ip_forward ne ke da wannan iko, kuma dole ya tsaya a 0, haka ma takwaransa na IPv6 da ake yawan mantawa. Kada a buga umarnin a baƙin allo a tashi. A rubuta shi cikin /etc/sysctl.d, a ajiye dokokin nftables a fayil, domin abin da ba a rubuta ba yana tafiya tare da wuta. Sannan a sani Docker na mayar da ip_forward 1 da kansa, ba ya neman izinin kowa. Shi ya sa nake ganin a ƙara kulle na biyu: dokar nftables mai zubar da duk saƙon da ke neman tsallakawa. Manhajoji ma kowace a ɗaure ta a katinta. SSH da rumbun bayanai su saurari lambar cikin gida kaɗai, ba 0.0.0.0 ba.

Ga illar rashin raba rezo: a 2013 ɓarayi sun shiga kamfanin Target na Amurka da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, suka zarce har injinan biyan kuɗi, suka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Mu nan ma ba sai an kai ga haka ba. Ya isa sakatare ya jona wayarsa a kwamfutar cikin gida don ya buɗe WhatsApp, ga ƙofa ta uku ta buɗe. A toshe wannan hanyar a kwamfutocin ciki. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, kuma ofishin da ya tara bayanan ne zai amsa tambaya.

Inda bayanan suke da nauyi ƙwarai, ra'ayina a haƙura a sayi na'ura ta biyu, ko da tsohuwa ce. Inda ba hali, a gwada aikin kafin a miƙa makulli: a kashe sabar, a kunna, a jona kwamfuta ta ɓangaren waje, a nemi wata lambar ciki da ping da nmap. Idan ta amsa, da sauran aiki.