Ƙwayoyin Cuta Masu Gagarar Magani a Ƙasashe Matalauta



A shekarar 1945, sa'ad da Alexander Fleming ya karɓi lambar yabo ta Nobel saboda fenisilin da ya gano a 1928, ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya sha maganin ƙasa da kima, bai kashe ƙwayar cutar ba, ya koya mata jure masa ne kawai. Dalili kuwa shi ne, raunana daga cikin ƙwayoyin su ke fara mutuwa, masu tauri su saura, su hayayyafa, har su gadar wa na baya taurinsu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma babu inda abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma, inda ya kai mutum 27 cikin kowane 100,000.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya shafi harshe. Hausa ta haɗa bakteriya da bairos ta kira su duka ƙwayar cuta, alhali kuwa maganin kashe bakteriya ba ya yi wa bairos kome. Saboda haka mai mura ya kan tsaya a kyamis ya sayi kafso biyu ko uku, gwargwadon abin da ke aljihunsa, ya sha, murar ta tafi don kanta, shi kuwa ya gode wa kafso. Ba a ga laifinsa ba. Asibiti na da nisa, awon jini na da tsada, mai kyamis kuwa maƙwabci ne, har bashi ya kan bayar.

Abin da ya auku a Pakistan ya isa misali. A ƙarshen 2016 wani zazzaɓin taifot ya ɓulla a birnin Haidarabad na lardin Sindh, wanda ya gagari magunguna iri biyar da aka saba ba masu taifot. Cikin na haɗiya, azitromaisin kaɗai ya rage, sauran sai allurai masu tsada a gadon asibiti. Yawancin waɗanda suka kamu yara ne, tushen abin kuwa ruwan sha ne da ya gauraya da ƙazanta. A watan Nuwamba na 2019 Pakistan ta zama ƙasa ta farko da ta sa sabuwar allurar taifot cikin rigakafin yara na yau da kullum. Lalle wannan dabara ce mai kyau, gama yaron da bai kamu ba ba ya bukatar kafso. Sai dai allura ba ta gyara bututun ruwa.

To, ga inda hankali ke rabuwa biyu. Wannan azitromaisin ɗin shi ne aka gwada raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sau biyu a shekara, a Nijar da Malawi da Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a Nijar. Amma kuma an tarar ƙwayoyi masu jure maganin sun ƙaru a jikin yaran garuruwan da aka raba. Shin a hana uwa a Dosso abin da zai tsirar da ɗanta bana, don kada maganin ya mutu nan da shekara goma? A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi tsakiya, ta ce a taƙaita rabon ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, a riƙa kuma awon ƙwayoyin. Sa'an nan a 2024 wani gwajin da aka sake yi a Nijar ya nuna amfanin ya fi bayyana in an ba dukan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, watau an mayar da gardamar sabuwa.