Uban da Ke Ƙirga wa 'Yarsa Kiɗa



Zan fara da fim ɗin da kusan kowa a zauren nan ya kalla, ko ya ji labarinsa a bakin manya, wato Mother India na 1957. A wurin bikin watsa kala na Holi akwai mai rawa cikin kayan samari. Mace ce, sunanta Sitara Devi. An haife ta a Kalkata a 1920, ta rasu a Mumbai a 2014, kuma a Indiya ana lissafa ta cikin manyan gwanayen rawar katak. Mahaifinta ne malaminta, kuma shi nake so mu ɗan tsaya a kansa.

Sukhdev Maharaj mutumin Banaras ne, daga zuriyar Barahmin, masu riƙe da ilimin addinin Hindu, kuma masanin harshen Sanskirit. A zamaninsa idan aka ga mace tana rawar katak, to an gama yanke mata hukunci, domin sana'a ce ta matan da ke nishaɗantar da sarakuna da attajirai. Shi kuwa ya ɗaura wa 'ya'yansa mata uku akayau a ƙafa, Alaknanda da Tara da ƙaramarsu Dhanno, wadda daga baya aka sani da Sitara. Jama'arsa suka ƙaurace masa. Bai janye ba. Ya sauya unguwa, ya buɗe makarantar rawa, har ya karɓi 'ya'yan matan da ake ƙyama ɗin.

Sai mutum ya ga yadda ake koyon katak kafin ya gane abin da ya ƙulla uban nan da 'ya'yansa. Mai rawa tana ɗaura ƙananan ƙararrawa ɗari ko fiye a kowace ƙafa, ta tsaya ba takalmi. Malami yana zaune a ƙasa gabanta, yana tafi, yana furta sautin ganga da baki, ita kuma tana mayar masa da tafin ƙafa. Zagayen kiɗan da aka fi amfani da shi bugu 16 ne. Duk inda ta kai da juyi da kwaskwarima, dole ta sauka daidai kan bugu na farko, tare da mai ganga. Ta yi saurin rabin bugu, a sake. Ta yi jinkiri, a sake. Haka safiya bayan safiya, shekara da shekaru. Uban da ya yi wannan zama ya san lokacin da 'yarsa ta gaji tun kafin ta buɗe baki, daga ƙarar akayau kawai. Ita ma ta san fushinsa da jin daɗinsa daga yadda tafinsa ke fita. Ina ganin iyaye maza kaɗan ne, a kowace ƙasa, suka taɓa sauraron 'ya mace da irin wannan kunne.

Sitara tana 'yar shekara 16 marubuci Rabindranath Tagore ya ga rawarta, ya kira ta sarauniyar rawa. Ta yi wasa a Royal Albert Hall na Landan a 1967, da Carnegie Hall na New York a 1976. A 2002 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Bhushan, ta ƙi karɓa, ta ce gudummawarta ga rawar katak ta fi ƙarfin wannan lambar. Taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba.

A gidan wani gwanin katak kuma, Birju Maharaj na Laknau, wanda ya tsara wa Madhuri Dixit rawa a fim ɗin Devdas na 2002, sunayen da tarihi ya riƙe na maza ne: kaka, uba, baffanni. Kafin ya rasu a 2022 ya koyar da 'yarsa Mamta, kuma jikokinsa mata Ragini da Shinjini suna cikin masu riƙe da gadon a yau.

Kada dai in sayar muku da zuma zalla. Mu leƙa Turai. Filippo Taglioni, Ba'italiye mai tsara rawar bale, yana da 'ya Marie, haifaffiyar 1804, mai dogayen hannuwa da ɗan rankwafaffen baya, irin jikin da malaman rawa ba sa so. Ya ɗauke ta a birnin Biyana ya sa ta atisaye na awa 6 kullum har wata 6. Akan ɗauke ta a sume bayan darasi. A 1822 ta fito gaban jama'a. Shekara 10 bayan haka, a Maris na 1832, ya tsara mata La Sylphide a Paris, ya gina rawar a kan jikinta: hannuwan da ake yi wa dariya ya lanƙwasa su, rankwafawar ta zama salo, ita kuma ta tashi a kan yatsun ƙafa yadda har yau masu bale ke yi. Wannan aikin wanda ya ƙura wa 'yarsa ido ne sosai. Amma dukiyar da ta tara ta salwanta, kuma masu rubuta tarihinta da dama a kan uban suka ɗora laifin, saboda yadda ya juya kuɗin. Da tsufanta sai ga ta a Landan tana koya wa 'ya'yan manya rawar biki don ta ci abinci. Ta rasu a Marsel a 1884. Duk da haka ɗan'uwanta Paul ya bi sawun uban, ya tsara wa tasa 'yar rawa, ita ma Marie sunanta.

To, mu fa? Bahaushe ba ya rawa da 'yarsa. Akwai kunya, balle 'yar fari, wadda wani ko sunanta ba ya kamawa. Yarinya a dandali take koyon gaɗa wurin sa'o'inta, kuma idan mai kalangu ya saki kiɗa uba ya doso, sai kowa ya kama kansa. Yanzu a wasu bukukuwan birni, wajen dina, akan kira uban amarya tsakiyar fili saboda an gani a bidiyon Turawa. Ku dubi fuskar dattijon. Yana tsaye cikin babbar riga, ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya zaro sababbin kuɗi ya fara liƙi. Ni ban ga laifinsa ba. Minti uku gaban mai ɗaukar hoto ba zai ƙulla abin da ba a ƙulla ba tun tana ƙarama, kuma liƙin nan shi ne harshen da ya iya.

Inda nake zaton za a sami abin da ya yi kama da zaman Sukhdev da 'ya'yansa shi ne gidajen makaɗa. Kalangu da kotso ɗa namiji ake miƙa wa, wannan sananne ne. Amma 'ya mace a tsakar gidan nan ta tashi, tana ji ana ɗaure ganga ana gwada ta, kuma mai kiɗa ba zai ga ƙaramar yarinya tana taka kiɗansa ba daidai ba ya yi shiru. Ɗaliban sashen Hausa da ke neman abin nazari, ga aiki nan: ku je wurin tsofaffin matan waɗannan gidaje a Kano da Katsina da Damagaram, ku tambaye su wa ya fara gyara musu taku, da irin kalmomin da yake faɗi idan yana gyarawa.